Abin da Ban Karanta wa Yaya Ba

Shekarar da Yaya ya daina magana, rake ya yi kyau a fadamarmu ta bayan Gazara, irin kyan da ke sa maƙwabta su tsaya a bakin gona suna cewa tubarkalla da rabin baki. Shi ya dasa shi, shi ya yi masa noma, amma da lokacin sara ya zo sai wasu aka kira. Yaya yana zaune a ƙofar ɗakinsa, hannuwa bisa gwiwa, yana kallon ƙasa tun hantsi har la'asar. In an ajiye masa tuwo, kaji ke ci. Mutumin da in yana dafa mazarƙwaila ake jiyo tsiyar da yake yi wa masu kora dokin matse rake tun daga bakin hanya, shi ne ya koma sai an yi masa sallama uku kafin ya ɗaga ido.

Ni ƙanwarsa ce, ta uku a ɗakin Inna, kuma ni kaɗai aka bari na yi boko har na zama malamar firamare a Makarfi. Mahaifinmu ya rasu ina ƙarama, gidan yana hannun ƙanensa, Baffa. Mutumin kirki ne, kada a ji ni ba daidai ba. Shi ya riƙe mu, shi ya aurar da mu. Amma irin dattawan nan ne da in sun yi magana an gama, ko tari ba a yi a bayanta. Ni kuwa tun ina yarinya an san ni da baki, har Yaya kan ce wai da bakina aka fara halittata, sauran jikin daga baya aka ƙara.

Matar Yaya ta haihu a cikin wannan hali, 'yar fari, tana gidan iyayenta a Kudan tana wanka. Ranar suna an kai shi, an zaunar da shi a tabarma, an sa masa jaririyar a hannu. Ya riƙe ta kamar an ba shi ajiyar da bai san mai ita ba, har aka karɓe.

Babu abin da ba a yi ba. An sha rubutu, an yi hayaƙi, an yi sadakar waina ranar Juma'a. Zamanin soja ne, zamanin da rediyo ke ce wa kowa ya tsuke bakin aljihu. Sabulu sai an bi layi, soja na tsaye da bulala. A ɗakin shan magani kuwa, sai a rubuta maka suna a 'yar takarda a ce ka je ka nema, kwalaben da ke kan kanta duk ƙura ce a ciki. Mai ba da maganin ne ya ja ni gefe ya ce akwai wani likita a wani asibiti a birni da ke neman masu irin ciwon Yaya, akwai mota, akwai magani, ba a karɓar komai. Ban tambayi dalilin da ya sa likita zai nemi marasa lafiya da kansa ba. A shekarar nan in ka ji an ce kyauta, gudu kake fara yi, tambaya sai an dawo.

Mu huɗu muka je: Baffa, Inna, Yaya da ni. Likitan matashi ne, daga nesa ya zo, Hausarsa ta sayen tumatir ce. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a kan Inna.

"Mama, ke ce uwa?"

Yaya ɗan fari ne. Tunda nake ban taɓa jin Inna ta kama sunansa ba, sai dai ta ce "mai rake" ko "wancan na ƙofa". Ba ta zama inda yake zaune, ba ta kallonsa ido cikin ido. Amma duk watannin nan ita ce ke laɓewa bayan danga tana leƙen ko ya taɓa kwanon, ita ce ta rame tare da shi. Da likita ya tambaye ta, sai ta ja mayafi ta rufe baki, ta juya fuska wajen taga.

"Yaron gidanmu ne," ta ce.

Likita ya rubuta wani abu. Baffa bai gyara ba, don a wurinsa Inna ta ba da amsar da mace mai kunya ke bayarwa. Ni ma ban gyara ba. Aka ce to, tunda ba ita ce uwa ba, ta jira a waje. Ta tashi ta fita ta zauna a benci. Har yau in na tuna bayanta yana fita ta ƙofar nan sai raina ya ɓaci, kuma ba da likitan nake fushi ba.

Gaskiya likitan bai ɓoye mini komai ba. Da ya ji ina Turanci sai ya saki jiki ya yi bayani. Za a yi wa Yaya allurar barci, a sa masa wutar lantarki kaɗan a kai na ɗan lokaci, jiki ya girgiza, ya farka. Tsohon magani ne, an daɗe ana yi wa waɗanda baƙin ciki ya danne har suka daina ci. Abin da shi yake bincike a kai shi ne wurin da ake ɗora abin: wasu gefe biyu na kai, wasu gefe ɗaya. Ba shi ke zaɓa ba, ambulan ake ja kamar ƙuri'a. Zuwa takwas ne, Litinin da Alhamis. Ya ce mutum kan yi mantuwa, yawanci ta wuce, wani lokaci ta bar gurbi. Sai ya miƙo mini takarda shafi biyu, ya ce in karanta wa mara lafiya da Hausa, duka, a hankali.

Na karanta. Ina da muryar aji, na yi amfani da ita. Baffa yana gyaɗa kai, Yaya yana kallon tayil. Amma idon malama kan riga bakinta, tun ina tsakiyar shafi na biyu na hango abin da ke ƙasa. An rubuta cewa mara lafiya yana da ikon ƙin shiga, yana da ikon fita ran da ya ga dama, ko da danginsa sun amince, kuma ba za a hana shi magani saboda haka ba.

Na yi shekaru ina jera wa kaina dalilai. Na farko, Baffa yana zaune kamu ɗaya daga gare ni. In buɗe baki a gabansa in ce maganar ɗan da ya riƙa ta fi tasa, wannan a gidanmu ba karatu ba ne, cin fuska ne, kuma ba za a ce takarda ce ta faɗa ba, za a ce 'yar boko ce. Na biyu, ban yarda da rabin maganar ba. A ƙasar da ake dukan mutum a kan sabulu, wa zai ci gaba da ba ka magani bayan ka ce ba ka son aikinsa? Na uku shi ne wanda ba na son faɗa: na ji tsoron Yaya ya girgiza kai. Na gaji da ganinsa a ƙofar ɗakin nan, ina so a yi masa wani abu, ko mene ne. Sai na tsallake wurin, na sauka a kan inda ake sa hannu, na ce shi ke nan.

Likita ya sunkuya wajen Yaya. "Ka yarda?"

Yaya ya ci gaba da kallon tayil.

"Ya yarda," in ji Baffa. "Mun ba ku amanarsa, likita." Ya kama babban yatsan Yaya ya dangwala a tawada ya danna. Ni na sa hannu a matsayin wadda ta karanta. Akwai wata nas a tsaye a bakin ƙofa, Kirista ce 'yar kudancin Kaduna, kowa Sista yake ce mata. Hausarta ta fi tawa daɗi. Ta dube ni, na ɗauke kai na shiga gyara jakata.

Daga nan rayuwata ta koma hanya. Motar aikin likitan kan taso ta wajen Ikara da sassafe, ta ɗauki wata mata 'yar Janfalan da mijinta, ta tsaya mana a bakin titi, ta biya Likoro ta ɗauki wani tsoho. Ba a ba marasa lafiyar abinci kafin a yi, saboda haka mu ma sai mu ƙi ci, a tafi ciki na kuka. A lokacin soja kan rufe ƙofar ma'aikata in an makara, a sa manya tsallen kwaɗo, amma hedimastanmu ya rufa mini asiri, ya haɗe ajina da na kusa. Nakan tafi da littattafan yara in ce zan yi maki a can. Ban taɓa gama ko guda biyar ba. Da an shiga da Yaya sai zama ya gagare ni. In je bakin famfo in dawo, in karanta sanarwar da ke bango wadda na riga na haddace, in leƙa tagar da aka shafa wa fenti, in sake komawa famfo. Mijin 'yar Janfalan ya taɓa ce mini, "Malama, ki zauna mana, kina sa mu jiri." Na ce masa ya rufe ido.

Ba zan yi wa maganin ƙarya ba, ya yi aiki. Bayan zuwa na biyu Yaya ya sha kunu da kansa. Bayan na uku ya tambayi wa ya sare masa rake, da aka faɗa masa ya ce ai kuwa an yi ɓarna. Ranar nan Inna ta shiga madafa ta daɗe, da ta fito idonta ja, ta ce itacen ɗanye ne. Baffa ya yanka zakara. Ni ma na yi murna, har na fara ce wa kaina abin da na tsallake ba wani abu ba ne, Turawa ne da son cika takarda.

Bayan zuwa na huɗu, muna dawowa a mota, muka wuce mararrabar Kudan. Na ce masa in ya ƙara jin ƙarfi sai mu biya ya ga jaririya, an ce ta fara dariya.

"Jaririyar wa?" ya ce.

Na zaci wasa yake, don wasansa ya fara dawowa. Na dube shi. Fuskarsa a sake take, tambaya yake yi tsakani da Allah. Na ce tasa. Ya ce ai matarsa ciki gare ta, da saura. Na ce ta haihu, an yi suna, yana wurin, har an sa masa ita a hannu. Ya juya tafin hannuwansa yana kallo. Matar Janfalan ta fara salati a hankali. Ni kuwa har muka sauka ji nake kamar in buɗe ƙofa in fita motar na tafiya.

Kwana biyu ban iya koyarwa ba. In rubuta lissafi a allo in goge, in sake rubuta shi yadda yake. Na ce wa kaina likita ya faɗa, mantuwa ce mai wucewa. Na ce wa kaina saura huɗu kawai. Amma abin da ya hana ni sakat shi ne yanzu Yaya yana magana. Da, ina iya cewa ko na karanta masa ba zai ji ba. Yanzu yana ji, yana amsawa, ana ɗaukar wani abu daga kansa duk Litinin da Alhamis, kuma shi kaɗai ne bai san yana iya cewa a bari ba.

Ranar Lahadi da la'asar na same shi a fadama yana duba kututturen rake. Na tsuguna na gaishe shi yadda ya kamata, na tambayi jiki, na tambayi gona, na yi ta kewaye-kewaye har ya ce, "Malama, yau bakin ya yi nauyi, lafiya?" Sai na faɗa masa duka. Na ce akwai wurin da ban karanta ba, ga abin da ke ciki, ga dalilin da ya sa.

Ya daɗe yana fasa ɓurɓushin ƙasa da yatsa. "Wato in na ce ba na zuwa, ba wanda zai ɗaure ni?"

"Haka aka rubuta, Yaya."

"Ko Baffa?"

"Ko Baffa."

Ya yi 'yar dariya, irin ta wanda aka ba labarin wata ƙasa. Sannan ya ce, "Na fara jin gishiri a miya. Kin san wata nawa ban ji ba? Gobe zan je. Amma gobe kaɗai na ce, kada ki ƙara mini." Na ce to. Na tashi jikina sakayau, har na saya wa Inna goro a hanya. Na ɗauka na sauke kayan.

Aka yi na biyar ranar Litinin. Ranar Laraba na zo gida na ce masa, to Yaya, gobe fa Alhamis, ya ka gani game da maganarmu? Ya ce wace magana? Na ce ta fadama. Ya ce yaushe na je fadama?

 Ban taɓa kawo wannan a raina ba. Na tattara duk ƙarfin da nake da shi na yi iƙirari sau ɗaya, na sami gafara, ashe wutar ta share har da gafarar. Ban iya sake faɗa a ranar ba. Sai da safiyar Alhamis, yana alwala a bayan ɗaki kafin mota ta iso, na tsaya a kansa na maimaita, da sauri, ba gaisuwa, ba kewaye.

Wannan karon bai yi dariya ba. Ya ajiye buta ya miƙe. Ban taɓa ganin Yaya ya yi mini irin wannan kallo ba.

"Ke kika karanta?"

"Ni ce."

"Kika ga wurin, kika wuce?"

"Na wuce."

"An ce ina da 'ya, ban san fuskarta ba. Jiya na tsaya a gaban rumbu ban san abin da ya kawo ni ba. Ba na zuwa. Ki je ki faɗa musu na ce a'a."

Ina cikin cewa to, sai ga muryar Baffa daga zaure, wai mu yi sauri kada mota ta wuce. Ya leƙo, da sandarsa da babbar rigarsa ta zuwa birni, don ranar ya ce zai raka mu ya yi wa likita godiya. Ya dubi Yaya ya ce, "Kai, taso mu je, ana jiranmu." Yaya ya dube ni. Ni yake jira, ni mai baki, ni da na ce masa ko Baffa. Abin da ya rage in ce shi ne, Baffa, ya ce ba ya zuwa. Na buɗe baki, na ga farin gemun nan, na tuna zakaran da ya yanka, na tuna saura uku kawai. Sai na ji kaina ina cewa bari in ɗauko mayafi.

Yaya ya sa takalmi ya bi bayan Baffa. A gidanmu ba a yi wa Baffa gardama, kuma mutumin da bai daɗe da tashi daga ciwo ba ba shi zai fara ba. A mota ya zauna can ƙarshe ya juya mini ƙeya.

A asibiti Sista ta tare ni a baranda, bayan an shiga da shi. Ashe tun ranar farko ta gane. Ta ce ta ji inda karatuna ya yi tsalle, ta yi shiru don ta ɗauka zan gyara a gida, ita ma abin na damunta.

"Kin faɗa masa yanzu?"

"Na faɗa. Sau biyu. Na farkon ya manta."

"Haka abin yake," ta ce. "Shi ya sa ba a tambaya sau ɗaya. Kowane zuwa sai an sake, ni na sha gaya wa likita. To yau da kika faɗa, ya ce me?"

"Ga shi ai ya zo," na ce.

Ta dube ni irin kallon farko. Aka kira ta ciki, ta tafi. Da a ce na gaya mata ya ce a'a, na san da ta shiga ta tsayar da su, don allurar ma ba a kai ga yi ba. Na san haka a lokacin, ba daga baya na sani ba. Na tafi bakin famfo na buɗe ruwa ina wanke hannuwan da ba su da datti, har wani ma'aikaci ya ce in rufe, ruwan tanki ne.

Da ya farka, ya ga ni a gefen gado, sai ya yi mini murmushi. Ya ce, "Malama, kin gaji da mu ko? Allah ya biya ki." Fushin ya tafi, a'ar ta tafi, babu wanda ya san an yi su sai ni. A hanya har ya saya mini gyaɗa. Na ci, don in ban ci ba zai tambaya.

Kwana ukun da suka biyo baya ban san inda zan sa kaina ba. Na je Makarfi na dawo Gazara, na sake komawa, ba abin da na je yi. Na yi wa wata yarinya tsawa a aji a kan fensir har ta yi kuka, na bi ta ina ba ta haƙuri. Na wanke kayan da na wanke jiya. Shaiɗan kuwa bai bar ni ba, yana ta nuna mini yadda abin ya zo da sauƙi: saura biyu, ya manta, Baffa na murna, Inna na murna, in na yi shiru shi ke nan har abada. Na je wurin Inna in faɗa mata, na same ta tana tankaɗe. Na ce, "Inna, game da Yaya ne." Ta ce, "Mai rake ai yana da Baffansa," ta ci gaba da tankaɗe, amma rariyar ba komai a cikinta. Na gane ba ta da inda za ta ajiye maganar ko na ba ta, sai na fita.

Ranar Litinin na iso gida tun rana ba ta yi zafi ba. Yaya ya riga ya shirya, ya sa hula, ya sa takalmi, yana zaune a bakin gado yana jiran a kira shi. Baffa yana zaure. Na shiga na tsuguna, na gaishe shi. Na zo da takardar da likita ya ba mu kwafi, na buɗe shafi na biyu, na karanta masa wurin kalma bayan kalma, da muryar da ba ta aji ba. Na ce ranar farko na tsallake shi da gangan.

Ya saurara har na gama. Bai yi dariya ba, bai yi fushi ba. Ya karkata kai yana kallona, kamar mai ƙoƙarin tuna inda ya san wani.

"Yadda kike faɗar nan, kamar kin saba," ya ce. "Kin taɓa gaya mini?"

"Sau biyu."

"To me na ce?"

Ba mai shaida. Duk abin da na ce ya ce, shi ya ce. Ina jin Baffa yana gyaran murya a zaure, ina jin motar ta tsaya can bakin titi tana hon.

"Na farko ka ce za ka je sau ɗaya."

"Na biyu fa?"

"Ka ce a'a."

"Ban je ba ke nan."

"Ka je, Yaya. Mun kai ka. Baffa ya kira, ka dube ni, ni kuma na yi shiru."

 Na so ya zage ni, na so ya ɗaga hannu, da ya fi mini sauƙi. Sai ya sunkuya ya cire takalmi, ɗaya bayan ɗaya, ya jera su a gindin gado. Ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"To yau ma a'a," ya ce. "Kina da biro?"

Na ce ina da shi.

"Rubuta. Ki rubuta cewa na ce a'a, ki sa ranar, ki ba ni in riƙe. Ni kaina ba ya riƙewa, ke kuma na ga naki riƙon."

Na yago shafi daga littafin wani yaro na rubuta. Ya sa na karanta masa, ya sa na sake karantawa yana bin layin da yatsa, shi da bai san boko ba. Sannan ya ninke takardar huɗu ya sa a aljihun gaba ya dafe da hannu. Baffa ya sake kira, wannan karon da sunana. Na miƙe, na gyara mayafi, na nufi zaure ni kaɗai.